Kwaso Manazarta Daga Intanet: Aikin Na'ura Da Alhakin Mai Bincike

Duk wanda ya taɓa rubuta kundin digiri, ko ya shirya maƙala domin wata mujalla ta ilmi, ya san akwai wani aiki da ke jiransa a ƙarshen rubutu wanda ba shi da daɗin yi, amma kuma ba makawa sai an yi shi. Wannan aiki shi ne jera manazarta, watau sunayen littattafai da maƙalu da sauran takardun da marubuci ya dogara a kansu, kowanne da sunan mai shi, da shekarar da aka buga shi, da inda aka buga, har da lambar shafi. Da wannan jeri ne mai karatu ke bin sawun marubuci, ya je ya gani da idonsa ko abin da aka faɗa haka ya ke a tushe. In jerin ya gyaru, magana ta sami gindin zama. In kuwa ya ɓaci, to, ko da maganar gaskiya ce ba mai iya tabbatar da ita.

A da, ɗalibi yakan shiga laburare da ƙananan katuna, ya kwafi bayanin kowane littafi da hannunsa, ya jera su cikin kwali bisa tsarin abacada, sa'an nan ya kai wa mai tafireta. Aikin yana da wahala ƙwarai, amma yana da wata fa'ida guda, ita ce ba a rubuta sunan littafi sai an riƙe shi a hannu. A yau kuwa akwai manhajojin kwamfuta waɗanda ke kwaso wannan bayani daga intanet cikin ƙiftawar ido. Sauƙin da suka kawo ba ya misaltuwa. Sai dai wannan sauƙi ya zo da wani hatsari wanda ya kamata ɗalibai da malamansu su sani, domin na'ura tana kwaso abin da ta tarar ne, daidai ko ba daidai ba.

Manhajojin Da Asalinsu

Uku daga cikin waɗannan manhajoji sun fi shahara a jami'o'i. Akwai EndNote, wadda ta fito tun ƙarshen shekarun 1980, ta sayarwa ce, kuma tana hannun kamfanin Clarivate. Akwai Mendeley, wadda ta fito a Landan cikin 2008, daga baya kamfanin ɗab'i na Elsevier ya saye ta a 2013. Sai kuma Zotero, wadda wata cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar George Mason a Amurka ta fitar a 2006. Ita kyauta ce, kowa na iya sauke ta ya yi aiki da ita ba tare da biyan ko kwabo ba, abin da ya sa ta dace da aljihun ɗalibi.

Dukkansu tsarin aikinsu ɗaya ne. Kowace tana da rumbu inda a ke ajiye bayanin littattafai, kowane littafi da katinsa, kowane kati da gurabunsa: gurbin marubuci, na sunan littafi, na shekara, na maɗaba'a, na juzu'i da shafi. Idan marubuci yana cikin rubutu a Word ya zo inda zai kafa hujja, sai ya kira katin da ya ke so, manhaja ta saka madogarar a cikin jimla, ta kuma ƙara littafin cikin jerin manazarta na ƙarshe. In sashensa na bin tsarin APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, haka za ta jera. In wata mujalla ta nemi tsarin MLA ko na Chicago, da latsawa ɗaya sai jerin duka ya sake kama. Zotero kaɗai tana da irin waɗannan tsare-tsare fiye da 10,000.

Hanyoyin Kwasowa

Hanya ta farko ita ce wani ɗan maɓalli da a ke liƙa wa manhajar shiga intanet, kamar Chrome ko Firefox. Mai bincike na buɗe shafin wata maƙala sai ya latsa maɓallin, shi kuwa ya karanta bayanin da ke ɓoye a bayan shafin, ya zuba shi cikin rumbu, sau da yawa har da kwafin maƙalar kanta. Idan shafin na jerin sakamakon bincike ne, maɓallin yakan ba shi dama ya zaɓi goma ko ashirin ya kwashe gaba ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce ta sauke fayil. Yawancin rumbunan ilmi suna ba da bayanin maƙala cikin ɗan ƙaramin fayil irin na RIS, ko na BibTeX wanda aka ƙirƙiro tun 1985. Wanda ya buɗe fayil ɗin RIS zai ga abin ba wani sihiri ba ne. Layuka ne kawai, kowanne ya fara da harafi biyu: AU na nufin marubuci, TI sunan maƙala, PY shekarar bugawa, ER kuma ƙarshen kati. Abin da aka rubuta gaban waɗannan haruffa shi manhaja za ta ɗauka, ba ta ƙarawa, ba ta ragewa.

Hanya ta uku ita ce ta lambar shaida. Littattafai suna da lambar ISBN, wadda a da lambobi 10 ce, aka mai da ita 13 daga watan Janairu na 2007. Na Nijeriya sukan fara da 978-978, kuma Babban Laburaren Ƙasa ne ke bayar da su. Maƙalun mujallu kuwa suna da lambar DOI, wadda kullum ta kan fara da 10 da ɗigo, kuma ƙungiyar Crossref, wadda aka kafa a 2000, ita ke riƙe da rajistar mafi yawansu. Mai bincike na saka lambar sai manhaja ta tafi rajista ta ɗauko bayanin da mabugin ya ajiye da kansa. Wannan ita ce hanyar da ta fi inganci, ko da ya ke ita ma ba ta rasa kuskure, tun da mutum ne ya cika rajistar.

Ta huɗu ita ce a jefa fayil ɗin PDF cikin manhaja, ita kuma ta duba shafukansa na farko ta nemo ko na wane ne. In takardar hoto ce aka ɗauka daga tsohon littafi, yawanci ba ta iya gane kome.

Inda Ɓarakar Ta Ke

Mafi yawan ɗalibai daga Google Scholar su ke farawa. An buɗe shi a watan Nuwamba na 2004, kuma ya taimaka ƙwarai wajen gano abin da aka rubuta a kan kowane fanni. Amma fa ya kamata a san yadda ya ke tara bayaninsa. Na'ura ce ke yawo cikin shafukan intanet tana tsintowa, ita ke ƙiyasin wane layi ne sunan marubuci, wanne ne sunan maƙala, ba tare da wani ma'aikacin laburare ya bi ya duba ba. Shi ya sa katin da aka kwaso daga can sau da yawa yakan zo babu lambar fitowa, ko babu shafuka, ko sunan marubuci a gutsure. A 2009 wani masanin ilmin laburare na Jami'ar Hawaii, Péter Jacsó, ya nuna yadda na'urar ta ɗauki kalmomin da a ke rubutawa a ƙofar shiga shafi, irin masu neman kalmar sirri, ta mai da su sunayen marubuta, ta jingina musu maƙalu masu ɗimbin yawa. An yi gyare-gyare tun daga wancan lokaci, amma dabarar da ta fi ita ce mai bincike ya yi amfani da Google Scholar ya gano maƙala, sa'an nan ya bi ta har shafin mujallar da ta buga ta, ya kwaso katin daga can.

Irin wannan kuskure ya girmi kwamfuta. A 1887 wani likita a birnin Prague, Jaroslav Hlava, ya buga maƙala a kan ciwon atini cikin harshensu na Cek. Sunan maƙalar ya fara da kalmomin “O úplavici”, watau “game da atini”. Da aka zo taƙaita ta cikin wata mujalla ta Jamus, sai sunan Hlava ya faɗi, aka ɗauki sunan maƙalar aka sa a gurbin marubuci. Daga nan sai aka haifi wani likita mai suna O. Uplavici, wanda marubuta suka yi ta kafa hujja da shi suna kwafa daga juna har tsawon shekara hamsin. Sai a 1938 wani masani ɗan Ingila, Clifford Dobell, ya tono asalin maganar, ya buga maƙala da sunan wannan likita na ƙarya tare da shekarun 1887 zuwa 1938, kamar yadda a ke yi wa mamaci. Abin lura a nan shi ne rashin sanin harshe ne ya jawo wannan, kuma duk harshen da masu rajista ba su ji yana cikin irin wannan hatsari.

Wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Mikhail Simkin da Vwani Roychowdhury, sun auna yadda kuskure ke yaɗuwa. Sun ɗauki wata shahararriyar maƙalar kimiyya ta 1973 wadda Kosterlitz da Thouless suka rubuta, suka duba madogara kusan 4,300 da aka yi da ita. Sun sami 196 masu kuskure, amma kurakuran iri 45 ne kacal, kuma ɗaya daga cikinsu an maimaita shi har sau 78. Mutum 78 ba za su yi kuskure iri ɗaya ba sai in daga juna suka kwafa. Daga wannan lissafi, wanda aka buga a 2003, suka ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na masu kafa hujja da maƙalar ba su karanta ta ba.

Har ila yau, a 2017 wasu malamai biyu, Pieter Kroonenberg da Anne-Wil Harzing, suka bankaɗo wata maƙala wadda aka kafa hujja da ita kusan sau 400 cikin rumbun Web of Science, alhali kuwa ba a taɓa rubuta ta ba. Misali ne kawai da kamfanin Elsevier ya ƙaga, da sunan wani Van der Geer da abokansa, domin ya nuna wa marubuta yadda a ke jera manazarta. Marubuta suka cika takardunsu suka manta ba su goge misalin ba, na'ura kuwa ta ƙidaya.

Abubuwan Da Za A Duba

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Lokacin gyaran kati shi ne lokacin da ya shigo rumbu, sa'ad da maƙalar ke buɗe a gaban mai bincike. Abu na farko da zai duba shi ne irin katin. Sau da yawa babi cikin littafi yakan shigo a matsayin littafi sukutum, ko maƙalar mujalla ta shigo a matsayin shafin intanet. In irin katin ya kuskure, gurabun da a ke bukata ba za su bayyana ba, sunan editan littafi da shafukan babi sai su salwanta.

Na biyu shi ne shekara. Littafi guda yana iya samun shekaru da dama a intanet, domin kowane bugu da katinsa. Ƙamus ɗin R. C. Abraham na Hausa ya fara fitowa a 1949, bugu na biyu kuma a 1962. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito da Hausa a 1934, fassararsa ta Turanci wadda Mervyn Hiskett ya yi kuwa a 1967. Ɗalibin da ya karanta na Hausa amma ya kwaso katin fassara ya nuna wa mai karatu littafin da bai karanta ba, lambar shafin da ya bayar kuma ba za ta kai kowa ko'ina ba. Haka kuma wanda ya kwaso katin wani bugu na kamfanin NNPC na Zariya ya ce a shekarar ce aka rubuta Ruwan Bagaja, ya ci da zuci, domin littafin ya fito a 1934, kamfanin kuwa sai a 1966 aka kafa shi. Ƙa'ida ita ce a rubuta bugun da ke hannu, in akwai bukata a ƙara shekarar asali a gurbin ƙarin bayani.

Na uku shi ne juzu'i da fitowa da shafuka, a gwada su da abin da ke jikin maƙalar. Na huɗu kuwa shi ne manyan haruffa da ƙanana. Wasu shafuka sukan kawo sunan maƙala duka da manyan baƙaƙe. Zotero tana ba da shawarar a ajiye suna kamar jimla, watau harafin farko da sunayen yanka kaɗai ke da babban baƙi, domin daga nan tana iya juya shi zuwa kowane tsari.

Sunaye Da Haruffan Hausa

A nan ne mai nazarin Hausa, ko tarihin ƙasar Hausa, ya fi kowa bukatar buɗe ido. An gina manhajojin ne bisa al'adar Turawa, inda kowa ke da sunan iyali a ƙarshe. Saboda haka duk kalmar da ta zo ƙarshe ita na'ura ke ɗauka ta sa gaba. Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, sai ya koma Kagara, B., alhali Kagara sunan gari ne. Haka Mu'azu Haɗeja da Sa'adu Zungur. Wani lokaci kuma laƙabi irin su Alhaji ko Malam yakan shiga gurbin sunan yanka, sai Alhaji Abubakar Imam ya fito da harafin A guda biyu, kamar wani mutum dabam da Imam, A. na wani katin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa ana iya samunsa da siffa uku ko huɗu, wani kati ya bi rubutun Turawa, wani ya bi na Larabci, har jerin manazarta ya raba littattafansa kamar na mutane dabam-dabam.

Maganin wannan shi ne ɗalibi ya tambayi ƙa'idar sashensa tun da wuri, ya zaɓi siffa ɗaya ga kowane marubuci, ya bi ta daga farko har ƙarshe. Zotero tana da hanyar haɗe gurbin suna ya zama guda ɗaya, yadda ba za ta juya shi ba. Wannan yana da amfani ga sunayen da ba su rabuwa, da kuma sunayen hukumomi, domin in ba a yi haka ba sai Jami'ar Bayero ta fito kamar wani malami mai suna Bayero, J.

Sa'an nan ga batun haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin rajistocin ƙasashen waje ba su sa su, sai waƙoƙi su koma wakoki. Wani lokaci kuma fayil yakan zo da tsarin haruffan da manhaja ba ta gane ba, sai a ga alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana a inda ƙugiya ta ke. Wanda ya san bambancin baki da baƙi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lalle ne a mai da kowace ƙugiya wurinta kamar yadda ta ke a bangon littafi. Yana da kyau kuma a cika gurbin harshe da alamar ha, wadda ke nufin Hausa, domin manhaja ta san sunan ba na Turanci ba ne, kada ta bi shi da ƙa'idar manyan baƙaƙe ta Turanci.

Gyara A Rumbu

Akwai wani kuskure da ɗalibai da yawa ke yi. Sukan ga ɓarna cikin jerin manazarta a Word, sai su gyara ta nan take da hannu. Ran da manhaja ta sabunta jerin, sai ta koma rumbu ta ɗauko tsohon bayani, gyaran duka ya bi ruwa. A rumbu a ke gyara, domin shi ne tushe. Wanda ya gyara kati sau ɗaya a can ya huta, ko a kundin digiri na biyu ko na uku zai same shi daidai.

Haka kuma wanda ke kwasowa daga wurare da yawa ba ya rasa tagwayen katuna. In ya kafa hujja da wannan a babi na biyu, da wancan a babi na huɗu, littafi guda zai fito sau biyu, ɗaya da harafin a gaban shekara, ɗaya da b. Manhajojin suna da wurin da su ke nuna tagwaye. A haɗe su a ke yi, domin in aka goge ɗaya madogarar da ke rataye da shi cikin rubutu takan tsinke.

Wata fa'ida kuma ita ce tun 2019 Zotero tana yin gargaɗi da jan launi idan wata maƙala da ke rumbu mujallarta ta janye ta, bisa rajistar Retraction Watch. Alal misali, maƙalar nan ta 1998 da ta jingina allurar rigakafin ƙyanda da wata larurar yara, mujallar The Lancet ta janye ta a 2010, amma har yanzu ana iya cin karo da ita a intanet. Wannan gargaɗi yana dogara ne da lambar shaida irin ta DOI, saboda haka katin da ba shi da lamba yakan wuce shiru.

Sabon hatsari kuma shi ne na manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda kan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara, tsaf kamar gaske. A 2023 wata kotun tarayya a Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'i shida da irin wannan manhaja ta ƙaga. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a nemi maƙalar kanta, a saka lambarta a ga ko za ta kai ga abin da aka ambata.

Waɗanda Ba Su Intanet

Daga ƙarshe, ya kamata a tuna cewa babban kaso na abin da mai nazarin Hausa ke bukata ba ya da lambar da za a saka. Kundayen digiri da ke jibge a Laburaren Kashim Ibrahim na Zariya, da takardun Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna, da rubuce-rubucen ajami, da tsofaffin jaridu, da hirar da aka yi da dattijo a zaurensa, da littattafan hikaya na Kano waɗanda da yawansu ba su ɗauke da shekara, duk sai an buɗe sabon kati an cika da hannu. Manhajojin suna da kati na musamman ga kundi, da hira, da rubutun hannu, da jarida. Ɗalibin da ya taƙaita ga abin da maɓalli ke iya kwasowa zai ƙare da jerin da ya cika da littattafan ƙasashen waje, na gida kuwa ƙalilan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya tara katuna ɗari uku bai duba ko ɗaya ba, ya bari sai mako guda kafin ya miƙa kundi, zai sha wahalar da ta fi ta masu kwali da tafireta. Wanda kuwa ya ba kowane kati minti biyu ran da ya shigo, ya gwada shi da littafin, zai shiga ɗakin jarrabawar baka hankalinsa kwance. Malamai masu duba aiki da ma'aikatan laburare suna da rawar takawa a nan, domin koyar da latsa maɓalli aikin rabin sa'a ne, koyar da duba abin da ya kwaso shi ne ya fi bukatar lokaci. Ran da mai jarrabawa ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce a nuna masa wannan littafi, ɗalibin da sunansa ke bangon kundi shi zai amsa.